Tambayi Anti: Ga guguwa ga korona, ina mutum zai sa kansa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni ne na lokacin annobar korona, yawancinsu daga 'yan uwanmu mazauna Amurka suka zo, musamman na jihohin bakin teku irin su Teksas da Luwiziyana da Fulorida, kuma kusan duk abu ɗaya ke cin ransu, lokacin mahaukaciyar guguwa ya ƙarato ga korona ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kakar guguwa a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni take farawa zuwa 30 ga Nuwamba, amma inda abin yafi ƙamari daga tsakiyar Agusta ne zuwa Oktoba. A 2020 kaɗai guguwa 30 aka raɗa wa suna, har sunayen da aka tanada suka ƙare aka koma aro daga haruffan Girka. Na haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, sunaye kuma na cire kamar kullum.

Tambaya: Anti dan Allah ki bani shawara kaina ya kulle. Muna zaune a gefen Hustan ni da maigida da yara biyu da surukata, tsohuwa ce tana da ciwon suga ga hawan jini. Tunda aka fara korona muke kaffa-kaffa da ita ko kanti bata leƙawa, toh yanzu in akace a fice saboda guguwa ina zamu kaita? Naga hotunan inda ake tara mutane, gado jikin gado a ɗakin wasannin makaranta, maigida yace shi kam gara mu kulle ƙofa mu zauna a gida ko me zai faru. Gaba kura baya siyaki kenan.
Maman biyu, Teksas

Amsa: Maman biyu, ki gaishe min da maigida ki ce masa Anti bata goyi bayansa ba. In hukuma tace unguwarku ku fice, toh ku fice, ba wani ja-in-ja. Korona akwai takunkumi akwai allura akwai tazara, akwai dabarun da mutum zai yi ya rage haɗarinta. Ruwan teku in ya yi toroƙo ya shigo falo da tsakar dare babu dabarar da ta rage, balle da tsohuwa a hannu. Mutane da yawa suna zaton iska ce ke kisa, alhali alƙaluman hukumar kula da guguwa ta Amurka na shekaru masu yawa sun nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ke kashewa kai tsaye ruwa ne ajalinsu, ko na teku da iska ke tunkuɗowa kan tudu ko ambaliyar ruwan sama. Lokacin guguwar Katrina a 2005 ruwan ya kai kusan ƙafa 28 a gaɓar tekun jihar Misisifi. Wane bene ne gareku?

Amma kuma fa ba kowa ake so ya gudu ba, wannan ma ki riƙe. A 2005 ɗin dai da guguwar Rita ta nufo, mutanen Hustan suka firgita saboda abinda suka gani a Katrina, miliyoyi suka hau titi lokaci guda har da waɗanda gidajensu ke nesa da teku, aka yi cirko-cirko a hanya awa da awanni cikin zafi, fetur ya ƙare, kimanin mutum 100 suka rasu a wajen gudun kawai. Dan haka abu na farko da zaki yi tun yau, ba sai an ga hadari ba, ki duba a wace shiyya gidanku yake. Yankin Hustan an kasa shi ne bisa lambar gidan waya ta unguwa, taswirar tana intanet kyauta. In kuna cikin shiyyar ficewa ko gidanku irin na tafi-da-gidanka ne, ku masu tafiya ne. In ba haka ba kuma gidan ƙwaƙƙwara ne baya cin ruwa, zama ya fi.

Sannan wa ya ce dole sai sansani, wato inda ake tara mutanen? Sansani shine zaɓi na ƙarshe. Ki zauna ki lissafa wa kuke dashi a can ciki nesa da teku, Dalas ko Ostin ko San Antoniyo, ki kira su yanzu kuyi magana ta fahimta: mu biyar ne, akwai tsohuwa, akwai ɗakin da za'a ware mata? Kowa ya yi allura a gidan? Ba kunya a wannan tambayar. In babu kowa, ki nemi otal biyu ko uku ki ajiye lambobinsu. Lokacin guguwar Laura a Agustan 2020 hukumomin Teksas da Luwiziyana otal-otal suka zuba dubban mutane maimakon tara su a ɗaki ɗaya saboda annobar, sai dai a wasu wuraren ɗakunan sun ƙare da wuri, wanda ya makara ya sha jira. Shi yasa sammako ke da amfani.

In kuma ta kama dole sai sansanin, ku je. A lokacin annobar an riƙa duba zafin jiki a ƙofa ana ware masu alamun ciwo, ku nemi lungu kusa da inda iska ke shiga, ita Mama kar ta cire takunkumi sai zata ci abinci, tazarar ƙafa shida da waɗanda ba 'yan gidanku ba. Maganinta kuma ki roƙi likita ya ƙara muku na ajiya, ki rubuta sunayensu da yadda take sha a takarda ki sa a leda. In insulin take yi, galibinsa yana jure zafin ɗaki har kwana 28 matuƙar bai wuce digiri 30 a ma'aunin Salsiyus ba, kar dai a barshi a mota cikin rana kuma kar ya daskare jikin ƙanƙara. Ki kira 211 ki sa sunanta a rajistar masu buƙatar taimako ta jihar Teksas.

Tambaya: Salam Anti. Ni ɗalibi ne, wata biyar kenan da zuwana Fulorida. Abokan zamana sai maganar siyayyar guguwa suke ni kuma gaskiya ina ganin kamar zuzutawa ce, ga kuɗi ba yawa. Me ya zama dole in siya? Kuma wani yace min in manna salatif a gilashin taga. Sannan ni da bizar karatu nake, za'a karɓe ni a sansani kuwa?

Amsa: Ɗana ba zuzutawa bace, bi abokan zamanka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a lokacin annoba maganar ta ninka, saboda ranar da aka yi shelar guguwa kantuna cika suke maƙil, layi har waje, kowa na numfashi a wuyan kowa, kantocin ruwa da batir kuma wayam. Gara ka riƙa tsinta kaɗan-kaɗan duk sati tun yanzu, aljihu ma baya jin jiki.

Ruwa ne kan gaba, galan ɗaya ga mutum ɗaya a kowace rana, wato kusan lita huɗu, na aƙalla kwana uku, in da hali na sati guda ko fiye. Ba sai ka siya duka ba, wanke robobi ka cika da na famfo kafin guguwar ta iso, ka kuma cika bahon wanka saboda kora bayi. Abincin gwangwani da wanda baya buƙatar dafuwa, kar ka manta da abin buɗe gwangwanin na hannu, mutane da yawa nan suke faɗuwa. Tocila da batir, kyandir kam a'a, gobara cikin guguwa ba mai zuwa kashewa. Ƙaramar rediyo mai batir. Abin cajin waya na tafi-da-gidanka a cike. Tsabar kuɗi ƙananan canji, dan in wuta ta ɗauke kati baya aiki na'urar cirar kuɗi ma haka. Kayan annoba kuma, takunkumi aƙalla biyu ga kowa, sabulu, man goge hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin ɗari ko sama, da abin gwajin korona na gida in ka samu. In baka yi allura ba ka yi yanzu, sai bayan sati biyu da ta ƙarshe take kama jiki sosai, ba ranar da za'a kwashe ku a bas ba. Fasfo ɗinka da takardun makaranta ka sa su a ledar da ruwa baya shiga, ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel.

Salatif kuwa ɓata lokaci ne, baya hana gilashi fashewa, sai ma ya sa ya fashe manya-manya masu yanka. Katako ko murfin ƙarfe ake sawa, wannan kuma aikin mai gidan hayar ne, ka tambaye shi. In kun zauna a gida, ku shige ɗakin tsakiya marar taga. Akwai lokacin da komai zai yi tsit kamar an gama, har rana kan leƙo, toh tsakiyar guguwar ce ke wucewa ta kanku, kar ka fita ɗaukar bidiyo, iskar zata dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta.

Sanarwa iri biyu zaka ji. Ta farko ana bada ita kimanin awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara, ma'ana mai yiwuwa ne. Ta biyu awa 36, ma'ana tana tafe, ka gama shiri.

Batun biza kwantar da hankalinka. Sansanonin Red Cross basa tambayar takardun zama, wurin kwana da abinci da ruwa na kowa ne. Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya ne mai bizar karatu baya samu. Ka kuma tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'arku, yawanci suna da nasu tsarin in za'a rufe ɗakunan kwana.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Bayan wahalar da muka sha a guguwar Ida na sayi janareta. Sai dai unguwarmu akwai ɓarayi ga ruwan sama, shine nake tunanin in ajiye shi a gareji in ɗaga ƙofar kaɗan iska na shiga. Ai ba matsala ko?
Wani magidanci, Luwiziyana

Amsa: Alhaji akwai matsala, babba ma kuwa, kuma duk cikin saƙonnin wannan watan naka ne ya fi tayar min da hankali. Abinda ka faɗa ɗin nan shi ya kashe mutane bayan Laura. Guguwar ta sauka kusa da garin Cameron a Luwiziyana ranar 27 ga Agusta 2020 da iska mai gudun mil 150 a awa, ta ragargaza Lake Charles, mutane suka tsira daga wannan duka, sannan hayaƙin janareta ya bi su cikin gida. A gida ɗaya mutum biyar 'yan uwan juna suka rasu, janaretan a gareji yake. Bayan Ida ma an sake yin irin wannan rashin, wasu da dama kuma aka kwashe su asibiti.

Iskar da ke kisan, kabon monoksaid, bata da wari bata da launi. Wannan warin fetur da kake ji ba ita bace, dan haka rashin jin wari ba shaidar komai bane. Ɗaga ƙofa ko buɗe taga ko kunna fanka basa isa. Kuma ga inda annoba ta ƙara dagula lissafi: alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, wato sak abinda mutum zai ce ai korona ce ta kama ni ko mura, sai ya ja bargo ya kwanta ya rufe ƙofa wai yana killace kansa kar ya shafa wa iyali. Daga wannan barcin ne ba'a tashi. In kaga mutum biyu uku a gida sun kama ciwon kai lokaci guda alhali inji na aiki, kar ku tsaya neman abin gwaji, kowa ya fita waje tukunna a kira 911.

Janareta a fili ake ajiye shi, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin ya juya wa gida baya, ka duba kar kuma ya fuskanci tagar maƙwabci. Maganin ɓarawo sarƙa da kwado, maganin ruwa kuma akwai rumfar da ake sayarwa dan shi mai buɗaɗɗen gefe. Ka sayi ƙararrawar da ke gano iskar, mai batir, ka sa kusa da ɗakunan kwana, kuɗinta bai kai na man da zaka zuba a rana ɗaya biyu ba. Kar ka zuba mai yana da zafi, kashe shi ya huce. Kar kuma ka soka wayarsa a soket ɗin bango dan ya ba gida duka wuta, wutar komawa take kan layin waje ta kashe ma'aikacin da ke bisa fal yana gyara muku. Murhun gawayi a cikin gida da kunna mota a gareji dan cajin waya duk hukuncinsu ɗaya.

Tunda ka ga Ida ka san sauran. Sama da gidaje da shaguna miliyan ɗaya suka rasa wuta a jihar, Niyu Olins gaba ɗaya ta shiga duhu, kuma zafin da ya biyo baya ya kashe tsofaffi a ɗakunansu. In wutar zata daɗe kuma akwai tsoho ko jariri a gida, ku tafi wuraren shan sanyi da hukuma ke buɗewa, da takunkuminku. Firji in ba'a buɗe shi ba yana riƙe sanyi awa huɗu, firiza cikakkiya awa 48, rabi kuma awa 24. Bayan nan nama da kifi da madara a zubar, kar uwargida tace bari ta ɗanɗana ta ji, ba lokacin gudawa bane.

Tambaya: Anti in gwaji ya nuna ina da korona ina killace a ɗaki sai kuma akace a fice fa? Ba zan zama na zalunci mutane ba in na shiga cikinsu?

Amsa: Ki fice ƙanwata. Zaluncin shine ki ɓoye. In kina da mota ki tafi a taki, in dole ku haɗu da iyali kowa ya sa takunkumi a sauke gilasai. Da kin isa sansani ko wajen hawa bas ki faɗa wa ma'aikata tun daga ƙofa, suna da wurin da suke ware masu ciwo, ba korarki za'a yi ba. In gidan 'yan uwa zaki, ki sanar dasu kafin ki taso su shirya miki ɗaki. Numfashi in ya fara yi miki wuya ko ƙirji na ciwo kar ki jira guguwa ta wuce, domin da zarar iska ta yi ƙarfi motocin asibiti daina fita suke har sai ta lafa.

Tambaya: Mahaifinmu tun da ya warke daga korona yake amfani da injin oksijin a gida. Muna tunanin in guguwa ta zo kawai mu kai shi asibiti ya zauna can.

Amsa: Kar ku dogara da wannan. Ida ta sauka Port Fourchon a gaɓar tekun Luwiziyana ranar 29 ga Agusta 2021 daidai lokacin da nau'in korona na Delta ya cika asibitocin Luwiziyana, har ta kai babu inda za'a kwashe marasa lafiya a kai su domin jihohin maƙwabta ma a cike suke. Asibiti ba zai ba Baba gado dan kawai wuta zata ɗauke ba. Ku kira kamfanin da ya baku injin ku nemi tukwanen oksijin na ajiya waɗanda basa buƙatar lantarki, ku tambaya kowace awa nawa take yi a ma'aunin da yake sha. Ku sanar da kamfanin wuta cewa akwai mai injin numfashi a gidan, ku kuma tambayi ƙaramar hukumarku game da sansanin masu lalura ta musamman, ana yin rajistarsa ne tun kafin lokaci. Ni dai a ganina mai irin wannan lalurar shi ya kamata ya fara barin gari, tun sanarwar farko, ko da daga baya guguwar ta kauce an yi asarar kuɗin otal.

Tambaya: Anti mu ruwa ya riga ya shiga mana gida har gwiwa, mun dawo mun tarar da komai a jiƙe ga wari. 'Yan uwa sunce zasu zo su taya mu amma ina tsoron taro. Ta ina zamu fara? Kuma inshora sunce wai basa biyan ambaliya, haka ne ko cuta ce?

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya mayar da alheri. Kafin ki taɓa ko tsinke ki ɗauki waya ki bi ɗaki-ɗaki da hoto da bidiyo, layin da ruwa ya bari a bango, lambar jikin firji da injin wanki, komai. Mutane cikin zafin rai sukan kwashe kaya su jibge a bakin titi, sai mai duba ɓarna ya zo ba shaida. In kin ji warin gas ki fita, kar ki kunna komai. Kar a taɓa makunnin wuta ana tsaye cikin ruwa.

Bayan nan sauri ake, domin funfuna cikin awa 24 zuwa 48 take fara tsirowa. A buɗe tagogi da ƙofofi duka. Kafet da katifa da kujerun soso da suka sha ruwan ambaliya sai haƙuri, basa wankuwa, ruwan nan haɗe yake da na masai da mai da sinadarai. Bangon gidajen can kuma kin san allo ne mai shan ruwa, ana yanke shi ƙafa ɗaya ko biyu sama da inda ruwan ya tsaya a zare audugar da ke ciki, in ba haka ba waje zai bushe ciki na ruɓewa. Wurare masu tauri a wanke da sabulu sannan a bi da bilic, kofi ɗaya cikin galan ɗaya na ruwa, kuma dan Allah kar a haɗa bilic da abin wanki mai amoniya, hayaƙinsu guba ne. Takalmin roba, safar hannu mai kauri, da takunkumi N95, na yadi baya tare ƙurar funfuna. Mai asma da mai ciki da wanda bai daɗe da tashi daga korona ba kar su shiga wannan aikin. Duk wanda ƙusa ta soka ko ya yanke a cikin ruwan a wanke da sabulu nan take a tambayi likita batun allurar tetanus. A kula da tarkace ma, macizai na fakewa ciki, a Teksas lokacin guguwar Harvey har jajayen tururuwan nan masu cizo aka riƙa gani sun dunƙule suna yawo bisa ruwa.

'Yan uwa kuwa ki barsu su zo, wannan ba aikin mutum biyu bane. Ki dai tsara su, huɗu yau huɗu gobe, kowa da ɗakinsa, mai tari ko zazzaɓi ya zauna gida, abinci a ci a waje. Tagogi dama a buɗe suke kowa kuma da N95, kinga haɗarin ya ragu sosai. Ruwan famfo in an ce a tafasa, ya tafasa na minti ɗaya cur, har na wanke baki.

Inshora kuma, abin haushi, gaskiya suka faɗa miki. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka tana biyan ɓarnar iska amma banda ambaliya, ita daban ake siya, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta kwana 30 da siya take fara aiki, masu karatu ku ji da kyau. Amma in iska ta yaye rufi ruwan sama ya zubo ta sama wannan wani zance ne daban, ki nuna musu. Ki nemi su baki ƙin biyan a rubuce, sannan in an ayyana yankinku cikin bala'i ki yi rajista da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, ta intanet ko ta 800-621-3362, galibi kwana 60 ake bayarwa. A lokacin annobar ma ta waya suka riƙa duba gidaje da yawa, kinga amfanin hotunan nan. In wasiƙar farko tace ba ki cancanta ba ki karanta dalilin, sau da yawa takarda ɗaya ce ta rage, kuma ana ɗaukaka ƙara. In ku iyaye takardunku basu kai ba amma akwai yaro ɗan ƙasa a gidan, ana iya nema da sunansa. FEMA bata karɓar ko sisi, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yace ki biya kuɗin fom ɗan damfara ne, haka ma mai gyaran rufin da zai ce a bashi kuɗi duka kafin ya fara.

Tambaya: Mu da muke Niyu Yok ai wannan bai shafe mu ba ko Anti?

Amsa: Ya shafe ku mana. Ragowar Ida ce ta bi ta kanku daren 1 ga Satumba 2021, kwana uku bayan ta sauka Luwiziyana, ta riga ta rasa ƙarfin iskarta amma ruwan da ta zubar ya kashe mutum 11 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a birnin. In a irin ɗakin kake haya, da wayarka ta yi ƙarar gargaɗin ambaliya ka hau sama, kar ka tsaya tattara kaya, ruwan in ya danne ƙofa bata buɗuwa. Masu tuƙi kuma, ruwa mai gudu inci shida yana kada babba, ƙafa ɗaya tana ɗaga ƙaramar mota, in kaga titi ya shafe ka juya.

Tambaya: Yarinyata shekararta bakwai, tun guguwar Laura da guguwar Delta in ta ji iska ko hadari sai kuka da fitsarin kwance, ni kaina bana barci. Ga makaranta an rufe an buɗe an rufe. Ko dai shagwaɓa ce?

Amsa: Ba shagwaɓa bace ƙanwata, kar ki dake ta kar ki yi mata dariya gaban 'yan uwanta. Guguwa biyu cikin sati shida a kusan wuri ɗaya, Delta ta zo 9 ga Oktoba tun rufin mutane na lulluɓe da shuɗiyar tamfol, ga annoba ta raba yara da ƙawayensu, babba ma ya jijjiga balle ita. Ki rage barin labaran guguwa a talabijin tana kallo, yaro in ya ga ana maimaita hoton sai ya ɗauka sabuwa ce ke zuwa. In ta yi tambaya ki bata amsa gajera ta gaskiya, kar kice ba zata sake zuwa ba, kice mun san inda zamu je kuma tare zamu tafi. Ki bata ƙaramar jaka ta haɗa da kanta, tocilarta da takunkuminta da 'yar tsanarta, ta ajiye inda take gani. Lokacin barci da na cin abinci su zama ɗaya kullum ko a otal kuke. Tunda abin ya daɗe haka ki faɗa wa likitan yara, ana iya ganinsa ta bidiyo ma. Ke kuma da bakya barci akwai layin da aka ware dan masu damuwa bayan bala'i, 1-800-985-5990, dare da rana ana ɗauka, kyauta ne kuma suna haɗa mutum da tafinta.